Mindar tunawa ta Babban Banki: kurakuran da ke karya mata daraja

Wanda ya gaji mindar Babban Bankin Najeriya, bankin da ya fara aiki ranar 1 ga Yuli 1959, yakan fara da neman a gaya masa naira nawa ce. Minda, wato lambar ƙarfe ta tunawa, ba kuɗi ba ce. Duba fuska biyun, ba za ka ga an rubuta naira ko kwabo ba, don haka ba a kashe ta, reshen bankin na Kaduna ma ba wurin canza ta ba ne. Takardar naira 50 ta 2010 da naira 100 ta 2014 su ma na tunawa ne, amma su kuɗi ne.

Babbar ɓarnar ita ce wanki. Mutum ya ga ta yi duhu, sai ya ɗauko toka da lemon tsami, ko jiƙon tsamiya, ko man goge ƙarfe na Brasso, ya hau dirza kamar gindin tukunya. Haba! Duhun nan siririn lulluɓi ne da iska ta yi wa ƙarfen, masu tara irin waɗannan kaya kuma shi suke so su gani. Tsami yana cin fuskar tagulla, toka tana barin ƙananan zane da ke bayyana da zarar an haska fitila, kuma ba maƙerin da zai mayar da abin da ya tafi. Ko ƙurar hunturu ce kada ka share da bakin riga, yashi ne a cikinta. Hure ta da ɗan famfon roba na masu gyaran agogo, ka bar ta haka.

Sai masu kai ta kasuwa a goga gefenta a dutse, a ɗiga mata asid don a gane ko azurfa ce. Me ya yi zafi? Nemi lamba 925 ko 999 a gefe, wato alamar tsabtar azurfa, ka ɗora a sikelin gwal: in mai oza ɗaya ta azurfa ce, giram 31.1 za ka gani. Maganaɗisu ba ya kama azurfa, amma ba ya kama tagulla ma, saboda haka shi kaɗai bai isa shaida ba. Launin zinariya kuwa sau da yawa shafe ne kawai.

Wajen ajiya kuma, leda mai laushi tana fitar da koren danƙo, robar ɗaure kuɗi da jarida suna baƙanta azurfa. Ni dai a ƙwanson roba mai tauri nake ajiyewa, da ƙullin ƙwayoyin tsotse danshi na cikin kwalin takalmi, in sauya shi kowace damina.

Riƙe ta ta gefe, zufar yatsa tana barin tabo. Kada ka huda ta don ratayewa. Akwatinta da takardar shaidarta kuma a adana su tare da ita, su ne mai saye zai fara tambaya.