Karon farko a ralin babur na taimakon marayu a Legas: yadda za ka shirya

Ɗan uwa, in an saka ka a guruf ɗin masu babur kuma ka ga ana maganar ralin taimako na farautar wurare, kar ka ɗauka tsere ne. Za ka biya kuɗin rajista, kuɗin ya tafi gidan marayu ko wajen wasu marasa lafiya, sai a ba ka lamba ko ƴar tuta da takarda mai jerin wurare, kowane wuri da makinsa. Ka je, ka ɗau hoton babur ɗinka da lambarka a wurin, ka dawo kafin lokacin da aka yanka. Wanda ya fi maki shi ya ci. Ni na shiga sau uku, kuma abin da na gano shi ne a garin nan duk wanda ya zauna ya tsara hanyarsa kafin ya buga mashin yana gaban mai gudu da nisa.

Amma tun kafin maganar hanya, duba irin babur ɗinka. Wannan ita ce maganar da ta fi damuna saboda mu ƴan Arewa da ke Agege, Mile 12, Idi-Araba da Alaba Rago mun san abin da ya faru. Daga 1 ga Yunin 2022 gwamnatin jiha ta hana acaba gaba ɗaya a Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Lagos Mainland, Lagos Island da Apapa, a watan Satumba aka ƙara Kosofe, Oshodi-Isolo, Shomolu da Mushin, kuma baburan da aka kama da yawa niƙe su aka yi. Dama can doka ta takura wa babur mai injin da bai kai 200cc ba a manyan tituna da gadoji. To in Bajaj Boxer gare ka ko wani ƙaramin mashin, ko da naka ne na hawa ba na haya ba, jami'in da ya tare ka kallon ɗan acaba zai maka, ba zai tsaya sauraron labarin marayu ba. Ka tambayi masu shirya ralin ƙarara: wane irin mashin suka yarda da shi, sun sanar da ƴan sanda da LASTMA (hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Legas) da FRSC (ƴan Road Safety), akwai takardar da za ka riƙe? In suna ta kwana-kwana ka haƙura da wannan karon, wallahi babur ɗinka ya fi kuɗin rajista. Lasin ɗinka na babur, wato ajin A, da takardun mashin da inshora su kasance a aljihu, ka kuma ɗauki hotonsu a waya.

Haka ma maganar kuɗin. Ka nemi sanin wane gida za a kai wa, ranar da za a kai, da ko za ka iya bin su. Sadaka ce kake yi, kana da haƙƙin sanin inda ta sauka, kuma masu gaskiya ba sa jin haushin wannan tambayar.

Kai mashin wajen bakanike kwana uku ko huɗu kafin ranar, ba ana gobe ba, don in ya taɓa wani abu ka samu lokacin gwadawa. A duba birki gaba da baya, a ja sarƙa a sa mata mai, baƙin mai in ya yi a canja, fitila da sigina da hon duk su yi aiki. Iskar taya da safe ake aunawa kafin ta yi zafi. Tanki ka cika tun dare.

Hular kwano mai rufe haɓa, ba irin ta leburan gini ba, kuma ka ɗaure igiyarta. Safar hannu, takalmi mai rufe idon sawu, wando mai kauri, jaket ko da zafi ake. Na san wasunmu sun saba da kaftani da silifas, amma bakin riga mai tsawo yana iya shiga sarƙa ko taya, sai ka naɗe shi a jaka ka saka in an zo miƙa wa marayu kayan taimako. Ruwan sha, fawa bank, biro, ƴan canji a hannu don ba ko'ina tiransifa ke tafiya ba, da rigar ruwa in tsakanin Afrilu da Oktoba ne.

Yanzu ga asalin wasan. Da an miƙa maka takardar za ka ga kowa ya ruga wajen mashin ɗinsa, injina na ta ƙara, zuciyarka za ta ce maza kar a bar ka. Zauna. Minti goma sha biyar da za ka kashe da biro da Google Maps su ne za su cece ka. Wuraren sau da yawa kamar kacici-kacici ake rubuta su. In an ce gini mai kama da hular soja, National Theatre ne a Iganmu, inda aka yi FESTAC 77, bikin al'adun baƙaƙen fata na duniya na 1977. In an ce tsohon kurkukun da ya zama wurin shaƙatawa, Freedom Park ne a Broad Street. Fararen dawakai a bakin ƙofa, filin Tafawa Balewa ke nan, tsohon filin sukuwa inda aka yi bikin samun ƴanci a 1960. In kuma aka ce gidan bene na 1845, to Badagry ake nufi, kuma nan ne tarkon yake.

Wuri mai nisa shi ake ɗora wa maki mai tsoka. Badagry daga cikin gari ya haura kilomita 50, ga shingayen bincike a hanya, kowanne sai ka rage gudu wani ma sai ka cire hula an ga fuskarka. Epe ma haka, kasuwar kifi tana da daɗin hoto amma in ta tsibiri za ka bi sai ka ratsa Lekki da Ajah tukuna. A rali na na farko na kwaɗaitu da maki 50 na wuri ɗaya, na bar wurare biyar masu maki 15 kowanne da ke kusa da juna, na dawo a makare aka zaftare min rabin abin da na samu, ga gajiya har hannuna na rawa. Da na tsaya a Iganmu, Surulere da cikin Eko, wato tsibirin Legas, da na tara 75 cikin kwanciyar hankali. Shawarata ga sabon shiga: ka haɗa wuraren rukuni-rukuni, ka zaɓi ɓangare ɗaya, ko tsibiri ko Mainland, ka tsallaka ruwa sau ɗaya zuwa sau ɗaya dawowa. Gadar Third Mainland kusan kilomita 12 ce, akwai iska daga gefe kuma motoci na gudu sosai, babu wurin tsayawa hoto a kanta, kar ma ka gwada.

Tsawon lokacin tafiya da taswira ta nuna maka da safe ba shi za ka tarar da rana ba. Ranar Asabar daga azahar bukukuwa sun fara, gosulo ya kama. Ka rubuta ƙarfe nawa za ka juya gida a kan salatif ka manna a tanki, in lokacin ya yi ka juya ko da wuri na gaba yana gabanka kana hango shi. Sallah ma ka sa ta cikin tsarin tun farko, in kana cikin Eko babban masallaci yana titin Nnamdi Azikiwe, ka yi azahar ka huta ka sha ruwa a lokaci guda.

Kar ka tafi kai kaɗai. Nemi mutum ɗaya ko biyu da suka taɓa yi, ka gaya musu gaskiya, yallaɓai ni sabo ne. Babu wanda zai raina ka, galibi ma tsakiya za su saka ka. A buɗaɗɗen titi ba a jerawa kafaɗa da kafaɗa, ɗaya ya kama dama na bayansa hagu, tazarar daƙiƙa biyu tsakaninka da wanda ke gabanka kai tsaye. In danja ta raba ku ka tsaya, za su jira ka a gaba. In gudunsu ya fi ƙarfinka ka bar su, ku haɗu a wuri na gaba. Danfo, wato ƙaramar bas ɗin haya, yana iya tsayawa ko ina ba sigina, don haka ka ba shi fili, tirela da tanka kuwa musamman wajen Apapa da Mile 2 kar ka taɓa shiga tsakaninsu da gefen titi, direban ba ya ganinka. Layin da aka keɓe wa manyan bas na BRT ba naka ba ne. In an yi ruwa kar ka faɗa kwancen ruwan da ba ka ga ƙasansa ba, rami ko buɗaɗɗen kwalbati na iya kasancewa ciki. Lambar gaggawa 112 ce ko 767, ka kuma ajiye lambar mai shirya ralin.

Wajen hoto mutane ke asarar maki a banza. Yi fakin nesa da titi, kashe mashin, tabbatar lambarka da alamar wurin sun fito a hoto ɗaya, duba shi kafin ka tashi, ka tura nan take in guruf ake turawa. Kar ka taɓa waya kana tafiya. In akwai maigadi ka yi masa sallama, Baba sannu da aiki, hoto ɗaya zan ɗauka na taimakon marayu ne, yawancinsu ma ƴan gida ne za su nuna maka inda ya fi fitowa. Barikin soja da ofishin ƴan sanda ba a ɗaukar su hoto. In samarin unguwa suka zo neman na goro, kar ka tsaya musu, ka ba da ɗan abin da ya sawwaƙa ko ka bar makin ka wuce.

In ka dawo ka miƙa takardarka kafin ka zauna cin abinci, don agogo bai tsaya ba sai an karɓa. Ranar kai kayan kuwa ka yi ƙoƙari ka je, ka tambayi masu kula da yaran kafin ka ɗauke su hoto ko ka ɗora wani a kan tanki, kuma ka jira salansa ta huce tukuna, yara hannu suke fara kaiwa.