Yadda Ake Bibiyar Tarihin Popeye Daga Jarida Zuwa Katun

Duk mai son ya fahimci tarihin Popeye, matuƙin jirgin ruwan nan mai ido ɗaya da lofe a baki, ya kamata ya fara da jarida kafin ya koma kallon katun, domin a can aka haife shi. Sai ya nemi zanen barkwancin da E. C. Segar ya soma wallafawa a Amurka a 1919 da sunan Thimble Theatre. Zai tarar Olive Oyl, wadda daga baya ta zama budurwar Popeye, da danginta sun shekara kusan goma suna cin kasuwarsu kafin Popeye ya bayyana ranar 17 ga Janairun 1929, a matsayin wanda aka ɗauka haya don ya tuƙa jirgi. Masu karatu ne suka riƙe shi har ya ƙwace labarin baki ɗaya.

A nan ne ya kamata a natsu, a kuma riƙa rubuta abin da aka gani. Labaran Segar dogaye ne, wasu sukan ɗauki watanni, kuma alayyafon da duniya ta san Popeye da shi bai da wani babban matsayi a cikinsu. Bluto ma, abokin gabar Popeye, sau ɗaya Segar ya kawo shi, a 1932.

Daga nan sai a koma ga katun ɗin kamfanin Fleischer, wanda ya soma a 1933. Da abin da aka rubuta a hannu za a ga yadda aka matse labari ya koma 'yan mintuna: Bluto ya sace Olive, Popeye ya sha duka, ya buɗe gwangwanin alayyafo, ya rama. A ganina, waɗannan da dogayen finafinai masu launi uku na 1936 zuwa 1939, kan Sindbad da Ali Baba da Aladdin, su ne suka fi cancantar lokacin mai kallo.

Abin da ya biyo baya ana iya wuce shi da sauri. Kamfanin Famous Studios ya ci gaba da fitar da katun ɗin daga 1942 zuwa 1957, sannan King Features ya fitar da na talabijin daga 1960, inda aka sauya wa Bluto suna zuwa Brutus saboda an zaci kamfanin finafinai na Paramount ke da mallakar sunan. Kamfanin Hanna-Barbera ya dawo da sunan Bluto a 1978, don haka sunan abokin gabar kaɗai yakan taimaka wajen gane zamanin da katun ya fito.