Kurakuran da aka fi yi wajen saka manhaja a kwamfuta

Yawancin kwamfutocin da ake kai wa mai gyara da kukan "ta yi nauyi" lafiyarsu ƙalau. Abin da aka ɗura musu ne ya zame musu ciwo.

Wanda ya fi damuna shi ne manhajar sata, wato kirak. Mutum ya sayi laftof 'yar Beljiyam, a loda masa Office da CorelDRAW daga filas ɗin da ta zaga kwamfutoci barkatai. Lura da abin da ake fara yi: sai an kashe Defender, maigadin da ke zuwa da Windows, kafin kirak ya shiga. An sallami maigadi ke nan, an buɗe wa baƙo ƙofa. Alhali ga LibreOffice kyauta, tana buɗe takardun Word da Excel, ga Inkscape na zane, ga VLC na kallo. Ka sauke kowacce daga shafin masu ita.

Na taɓa ganin wata ɗaliba tana hawaye a shagon buga takardu. Ta soka filas, sai ga kundin digirinta ya koma gumaka, wato 'yan hotunan da ake dannawa, masu 'yar kibiya a gefe, mai shago kuma har ya fara maganar fomatin, wato goge filas ɗin gaba ɗaya. Kada ka yarda! Sau da yawa fayilolin suna nan, ɓoye su bairos ya yi. Kar ka danna gumakan. A bar Defender ya bincike filas ɗin, sannan a fito da ɓoyayyun fayiloli da umarnin attrib, wanda ake rubutawa a Command Prompt na Windows.

Sai masu danna Next ido rufe yayin saka manhaja, har wasu tarkacen manhajoji su biyo ta bayan gida. Karanta kowane shafi, ka cire alamar abin da ba ka nema ba. Antibairos biyu kuwa rigima suke yi da juna, ɗaya ya isa. Goge gunki daga fuskar kwamfuta ma ba ya cire manhaja, sai ka shiga Settings, sashen Apps.

Masu kashe sabuntawa saboda tsadar data, na san zafin abin. Amma akwai saitin Metered connection a Windows, wanda ke rage cin datar ba tare da an toshe ƙofar gaba ɗaya ba. Sannan a ranar 14 ga Oktoba, 2025 Microsoft ta kawo ƙarshen tallafin Windows 10, ita kuma Windows 11 sai injin da ke da TPM 2.0, wani sashen tsaro da ke cikin kwamfuta. Idan kwamfutarka ba ta da shi, gwada Linux Mint, madadin Windows na kyauta, daga filas tukuna, kafin ka taɓa abin da ke ciki.