Ku sa tagulla a yatsun matallafin injin sassaƙar ƙarfe

Abokan sana'a, idan kuna sassaƙa dogon shaf, wato sandar ƙarfe mai juyawa, ku sa tagulla a bakin yatsu uku na matallafin da ke riƙe tsakiyarsa. Tsohon bushin tagulla, wato zoben da shaf ke juyawa a ciki, daga 'yan gwangwan na Sabon Gari ya wadatar.

Tagulla ta fi ƙarfe laushi, saboda haka ita ce za ta cinye, shaf ɗin mai aiki ya fita ba tabo. Boris da wasu ke sawa a bakin yatsun maimakon tagulla yana jure gudu, amma da zarar ɓarɓashi ya faɗa ƙarƙashinsa, sai ya danne shi a jikin aikin, ya bar zane.

Ku riƙa ɗiga mai, kada ku matse sosai, domin zafi yana kumbura ƙarfe. A kan alminiyam kuwa tagulla tana ƙuje aiki, sai ku koma roba mai tauri, ku rage gudu.