Shawara ga masu koyar da yara tarihin Ingila a gida

Salamu alaikum iyaye. Wanda darasinsa ya iso kan Sakson (mutanen Ingila na wancan zamani) da Noman (mutanen Normandi a arewacin Faransa da suka ci Ingila da yaƙi), ya gwada wasan kwaikwayo na saurare. Yaro ya fi riƙe abin da ya ji da muryoyi da sukuwar dawakai.

Amma kafin a kunna, a shimfiɗa taswira a ba su ƙashin labarin, in ba haka ba sunayen za su rikita su, don akwai Harold akwai kuma Harald. A Janairun 1066 Sarki Edward ya rasu bai bar ɗa ba, Harold, ɗan Sakson, ya hau gadon. Ranar 25 ga Satumba ya ci Harald Hardrada na Norwe da yaƙi a Stamford Bridge can arewa, ya juyo kudu da gajiyayyun mayaƙa, ya gamu da William na Normandi kusa da Hastings ranar 14 ga Oktoba, nan aka kashe Harold. An naɗa William a Westminster ranar Kirsimeti.

Wasannin nan ƙagaggu ne, kuma da yawansu kan nuna Sakson a matsayin waɗanda aka zalunta, Noman kuwa mugaye zalla. Bayan kowane kashi ku tambayi yara: wa aka yi da gaske, wa marubuci ya ƙirƙiro? Sai ku nuna musu hotunan ƙyallen Bayeux, wanda aka yi wa ɗinkin labarin ta fuskar Noman, su kwatanta.

Iyaye su fara saurare tukuna, wasu wuraren yaƙin sun yi wa ƙananan yara nauyi.