Yadda za ka ajiye kwafin rubutunka kafin ya salwanta

A Damagaram, wuta da intanet kan ɗauke ba sallama, don haka kada ka taɓa fara dogon rubutu kai tsaye a shafin intanet.

Da farko, rubuta shi a manhajar Word. Idan kwamfuta ce, riƙa danna maɓallan Ctrl da S tare bayan kowane sakin layi don ajiye abin da ka rubuta. Wannan ɗabi'ar ta fi komai muhimmanci, domin ita ke cetonka idan batir ya mutu ana tsakar aiki.

Sai ka kwafa zuwa filashin USB. In ka samu layi, ɗora shi a Google Drive, ma'ajiyar Google da ke intanet, mai ba da gigabait 15 kyauta.

Sannan ka wallafa.