Yadda Mai Fenti Zai Rage Shigar Tina Cikin Jikinsa

Duk wanda ya ratsa Panteka a Kaduna ya san warin tina, ruwan da ake tsinka fenti da shi. Wannan warin tururi ne, kuma ta huhu ya fi shiga jini, musamman idan aiki ya yi nauyi numfashi ya ƙaru. Saboda haka a yi feshi inda iska take kaɗawa, a rufe gwangwani da zarar an ɗiba, a kuma sa takunkumi mai matatar gawayi, domin na ƙura ba ya tare tururi.

Abin da ya fi damuna shi ne yaran shago da suke wanke hannu da tina ko fetur, har fatarsu ta yi fari ta tsattsage, alhali sinadarin yana ratsa fata. A yi amfani da sabulu da ruwa.

Jiki yana fitar da kaɗan ta numfashi, sauran kuma hanta ce take sarrafa shi ya fita ta fitsari. Wani kaso yana maƙalewa a kitse, ya daɗe kafin ya fita, don haka wanda ya ji jiri ko ciwon kai ya bar wurin nan take, idan bai lafa ba ya tafi asibiti.